Daga Kura Zuwa Tsukuba ta Japan: Gaisuwar da Na Taso da Ita da Wadda Na Tarar

An haife ni a wani ƙauye da ke ƙasar Kura a jihar Kano, cikin yankin da ruwan madatsar Tiga ya mayar da shi ƙasar noman rani tun daga shekarun 1970. Mahaifina manomin shinkafa ne, kuma mutum ne da ya ɗauki gaisuwa da nauyi ƙwarai, har yakan auna tarbiyyar gida guda da yadda yaron gidan ya gaishe shi a hanya. Idan aka kawo masa maganar neman auren wata 'yarsa, tambayarsa ta farko ba ta shafi gona ko sana'a ba, cewa yake yi, "Yaron yana gaida mutane?" Kowace safiya bayan an idar da sallar asuba mukan bi ɗaki-ɗaki, mu fara da kakarmu, mu je wurinsa, sannan mu zagaya ɗakunan iyayenmu mata, muna cire takalmi tun daga nesa, muna durƙusawa a bakin ƙofa, ido a ƙasa. Ba ya amsa mana sai ya kai ƙarshen laziminsa, don haka a lokacin hunturu gwiwa takan yi sanyi a kan daɓe kafin a ji ya ce, "Kun tashi lafiya? Allah ya yi muku albarka."

Gaisuwar manya kuwa tana da nata tsarin. Mutum biyu za su haɗu a kan hanyar gona, kowa ya sauko daga kan kekensa, su yi musafaha, kowa ya kai hannu ƙirji, sannan a shiga ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya sanyi, yaya aka ji da aiki. Amsoshin a shirye suke tun kaka da kakanni: lafiya lau, ba gajiya, ruwa ya yi gyara, sanyi lokacinsa ne, aiki da godiya. Ko da mutum ya baro ɗansa a kwance rai a hannun Allah, a zagayen farko lafiya zai ce. Sai an gama, an ce madalla, an ɗan yi shiru, sannan zai sassauta murya ya ce, "Sai dai yaron nan ne jiki ya matsa masa tun shekaranjiya." Tsawon gaisuwar shi ne yake buɗe wa mai damuwa hanyar faɗin damuwarsa ba tare da an ce ya cika ƙorafi ba, kuma duk wanda ya yanke ta a tsakiya don yana sauri, to ya tafi bai ji abin da yake cin ɗan'uwansa ba.

Ina makarantar sakandare rigimar durƙuso ta shigo gidanmu. Yayana, wanda ya tafi karatu birni, ya dawo hutu da fahimtar ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a shekarar 1978, kuma daga cikin abubuwan da malamanta suka yi wa'azi a kansu har da durƙusa wa mutum wajen gaisuwa. Da safe sai ya tsaya a tsaye, ya yi wa Baba cikakkiyar sallama, ya miƙa masa hannu. Baba bai karɓi hannun ba. Hujjar Yaya ita ce hadisin Anas ɗan Malik da Tirmizi ya ruwaito, inda wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko idan mutum ya haɗu da ɗan'uwansa ko abokinsa zai sunkuya masa, ya ce a'a, da ya tambaya ko zai kama hannunsa su yi musafaha, sai ya ce e. Baba kuma ya tsaya a kan ayar Suratul Isra'i da ta umarci ɗa ya ƙasƙantar da kansa ga iyayensa saboda jinƙai, yana mai cewa shi bai taɓa neman kowa ya yi masa ruku'u ko sujada ba, ladabi ya nema. An shafe watanni gidan ba daɗi. Innarmu ce ta samo mafita ba tare da ta karanta littafi ko ɗaya ba: ta ce da Yaya idan ya shiga wurin mahaifinsa ya fara neman wuri ya zauna a ƙasa tukuna, sannan ya yi gaisuwa. Ta haka kansa yana ƙasa da na Baba, shi kuma bai durƙusa ba. Dukansu biyu sun san abin da ta yi, kuma babu wanda ya sake tayar da maganar.

Da na je bautar ƙasa a jihar Oyo, sai na tarar durƙuson da ake rigima a kansa a gidanmu ƙaramin abu ne a wurin Yarbawa. Saurayi yakan kwanta rub da ciki a gaban dattijo, mace ta sa gwiwa biyu a ƙasa, kuma a wurin bikin aure na ga ango da abokansa cikin manyan riguna sun zube gaba ɗaya a gaban dangin amarya, ba su tashi ba sai da aka ce su tashi. Ƙarami ba ya fara miƙa wa babba hannu, kuma wanda ya girme ka ko da kaɗan ne ba ka kiran sunansa gatsau. Suna da gaisuwa ga kowane hali kamar yadda muke da sannu da aiki da barka da hutawa, shi ya sa duk da ban ji harshensu sosai ba, ban ji baƙunta ta wannan fuska ba. Musulminsu ma suna da irin muhawarar tamu. Wani abokin aikinmu ɗan ƙabilar Ibo yakan zolaye mu cewa idan Bahaushe ya haɗu da Bayarabe da hantsi, to aikin ranar sai bayan azahar.

Na yi shekaru ina aikin malamin gona kafin na sami gurbin ƙarin karatu a kan noman shinkafa daga gwamnatin Japan, ƙasar da tun a shekarar 2008 ta sa hannu sosai a shirin ninka yawan shinkafar da ake nomawa a Afirka. A shekarar 2016 na sauka a Tsukuba, garin da gwamnati ta gina musamman domin jami'a da cibiyoyin bincike a lardin Ibaraki, tafiyar minti 45 a jirgin ƙasa daga Tokyo. Abin da ya fara yi mini nauyi ba sanyi ba ne, ba kuma abinci ba, shiru ne. Za ka shiga tarago cike maƙil da mutane, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma babu wanda zai ce da wani uffan, babu mai amsa waya, har sanarwa ake yi cewa a sa waya ta yi shiru. Ni da na saba ko motar haya zan shiga sai na yi sallama, wanda ke kusa da ni kuma kafin mu kai Kwanar Ɗangora na san garinsu da abin da ya fito da shi, sai na ga bakina ya rasa aikin yi. A ɗakin bincike kowa yana gaida kowa da safe, da murya a sarari, amma kalma ɗaya ce, kowa ya wuce teburinsa. Na bar mata da 'ya'ya biyu a gida, aka yi makonni babu wanda ya ce da ni yaya iyali. A wurinsu shiga sha'anin gidan mutumin da ba ku shaƙu ba katsalandan ne, kuma barin mutum da shirunsa girmamawa ce. Na fahimci haka da hankali, amma zuciya ba ta daina nema ba.

Da zama ya yi zama, sai na ga ashe mutanen nan sun fi mu ƙa'idar gaisuwa, wurin da suke ajiye ta ne ya bambanta. Sunkuyawa a wurinsu ilimi ne da ake koyarwa. Na taɓa leƙa wani zama da aka shirya wa ɗaliban da ke shirin neman aiki, na ga ana nuna musu mataki uku: ɗan sunkuyo na kimanin digiri 15 ga wanda kuka yi kiciɓis a hanya, na digiri 30 ga baƙo ko abokin ciniki, na digiri 45 kuma domin babbar godiya ko neman gafara. Baya a miƙe, maza hannu a gefe, mata hannu a haɗe a gaba, kuma ƙarami ba ya riga babba ɗagowa. Katin suna da hannu biyu ake miƙa shi, rubutun yana fuskantar mai karɓa, shi ma ya karɓa da hannu biyu, ya karanta, ya ajiye a kan tebur a gabansa har a tashi daga zaman. Cusa shi a aljihun wando ko yin rubutu a kansa a gaban mai shi wulaƙanci ne. Kujerar da ta fi nisa da ƙofa ta babba ce, ƙarami shi ke zama kusa da ƙofa don ya yi hidima. A tasi babba ke zama bayan direba, a na'urar hawa bene kuma ƙarami ke tsayawa wurin maɓallai. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, idan ma'aikaci yana magana da baƙo game da shugabansa, yakan ambaci sunan shugaban kai tsaye ba tare da laƙabin girmamawa ba, saboda a gaban na waje duk na cikin gida abu ɗaya ne, kuma ɗaga nasu ɗaga kai ne. A wurinmu da yaro zai yi wa maigidansa haka a gaban baƙo, da a ranar zai tattara kayansa.

Lokaci ma yana cikin gaisuwarsu. Wanda aka ce ya zo ƙarfe goma, goma saura biyar yana bakin ƙofa. Ina can a watan Nuwamba na 2017 kamfanin jirgin ƙasan da ke haɗa Tsukuba da Tokyo ya fitar da takardar ban haƙuri saboda wani jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokacinsa. Duniya ta yi ta dariya, abokan karatuna 'yan ƙasar kuwa ba su ga abin dariya ba. A nan dole in faɗi gaskiya a kanmu: muna iya kwashe minti biyar muna tambayar lafiyar mutumin da muka shanya awa biyu yana jiranmu, kuma ba ma ganin cewa shanyawar ta riga ta cinye gaisuwar.

Sunkuyawar nan ita ce ta dawo mini da tsohuwar rigimar gidanmu, wannan karon kuma babu Inna a kusa. Digiri 45 bai kai ruku'u ba, amma ya kama hanya. Na kai maganar masallacin garin, inda ake haɗuwa ranar Juma'a da ɗalibai daga Indunusiya da Masar da Bangaladash, da 'yan Fakistan masu sana'ar fitar da motocin hannu zuwa ƙasashen waje. Wurin kansa makarantar gaisuwa ne. Misirawa sukan rungumi juna su haɗa kunci, 'yan Fakistan su kama hannunka da hannu biyu, matasan Indunusiya kuma su ɗauki hannun babba su kai goshinsu. Ra'ayi ya rabu kamar yadda na zata. Wasu suka ce a guje wa sunkuyawa gaba ɗaya saboda hadisin nan, wasu suka ce ɗan rusunar da kai da bai kai haddin ruku'u ba, wanda ba a yi shi da niyyar bauta ba, ba shi ne abin da aka hana ba. Wani dattijo Bamisire da ya daɗe a ƙasar ya tuna mana cewa ba mu kaɗai abin ya dama ba, domin ko shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, da ya sunkuya wa Sarkin Japan Akihito a Tokyo a 2009, sai da 'yan ƙasarsa suka yi masa ca.

Abin da na tsaya a kai shi ne in ɗan rusunar da kai, in ɗora hannun dama a ƙirji, in tsaya a nan. Malamina, farfesa mai yawan shekaru da ƙarancin magana, ya lura da hakan, wata rana muna duba gwajinmu a gona ya tambaye ni dalili. Na ce masa, "Malam, a addininmu sunkuyawa mai zurfi ta salla ce, Allah kaɗai ake yi wa; hannun da nake sawa a ƙirji shi ne cikon abin da ban sunkuya ba." Ya yi shiru, ya ce ya gane. Daga ranar idan muka haɗu shi ma yakan ɗora hannu a ƙirji, bai taɓa cewa komai a kai ba. Akwai kuma wani sauƙi da na samu wanda 'yan'uwanmu da suka yi karatu a Turai ba su samu ba: tunda ba al'adarsu ba ce musafaha, ban taɓa shiga halin da mace za ta miƙo mini hannu in rasa yadda zan yi ba. Rikicin ya fi zuwa daga wata abokiyar karatunmu 'yar Burazil, jikar Japanawan da suka fara ƙaura can tun 1908. Fuskarta ta 'yan ƙasa ce sak, amma da runguma da sumbatar kunci take gaisuwa, kuma na sha ganin samarin ɗakin bincikenmu sun sandare kamar an dasa su idan ta nufo su. Ni tun ranar farko na yi mata bayani, ta yi dariya, muka tsaya a kan ɗaga hannu daga nesa.

Gidan da na kama haya ƙaramin bene ne, kuma wani ɗalibi da ya riga ni zuwa ya gaya mini cewa sabon shiga yakan bi maƙwabta ya gabatar da kansa da 'yar kyauta, tawul ko sabulu ko alewa. Na yi haka. Wasu ba su buɗe ƙofa ba, wasu suka karɓa a tsaye muka rabu. Amma a ƙasan ɗakina akwai wata tsohuwa da ta haura shekara 80, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Tokyo, ba sa zuwa sai a sabuwar shekara da kuma tsakiyar watan Agusta lokacin da suke ziyartar kaburburan iyaye. Ta karɓi tawul ɗin da hannu biyu, washegari kuma na tarar da 'yar jakar lemo a rataye a ƙofata. Da muka haɗu bayan kwana biyu, abin da ta fara yi shi ne sake godiya a kan tawul ɗin. Haka suke yi: alherin jiya sai an sake ambatonsa a haɗuwa ta gaba, kamar yadda mu ma muke komawa ban gajiya. Kuma idan suna miƙa kyauta sukan ce ba wani abin kirki ba ne, daidai da namu na ga wannan ba yawa. Wanda ya yi tafiya ko ta kwana ɗaya ce ba ya dawowa ba tsaraba, har tashoshin jirginsu cike suke da shagunan da ba abin da suke sayarwa sai ita.

Tunda ita ce babba a gidan, sai na riƙa yi mata abin da aka koya mini. Kowace safiya idan zan fita nakan tsaya a bakin ƙofarta in ce, "Kaka, an tashi lafiya? Yaya ƙafar?" Da farko takan fito a rikice, tana zaton wani abu ne ya faru. Daga baya ta saba, har idan na makara ita take leƙowa. Ban ɗauki abin a bakin komai ba sai da na ji yadda ake yawan maganar tsofaffin da ke mutuwa su kaɗai a ɗaki, a yi kwanaki ko makonni ba wanda ya sani. Ƙasar da ta ƙware wajen kada a takura wa kowa ta wayi gari da tsofaffin da ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa, kuma a wannan wuri ban ga abin da za mu koya daga gare su ba.

A cikin kaka ta shekarata ta biyu Allah ya yi wa Baba rasuwa. Japan tana gaban Najeriya da awa takwas, don haka da tsakar dare Yaya ya kira ni, lokacin an riga an dawo daga maƙabarta. Ba ni da halin tafiya, ga girbin gwajin da karatuna gaba ɗaya ya dogara a kansa. Na san abin da ke faruwa a gida ba sai an gaya mini ba: an shimfiɗa tabarmi daga zaure har bakin titi, mutane suna zuwa ayari-ayari daga Kura da Garun Malam da Bunkure, kowa ya zauna a yi addu'a, a ce yaya haƙuri, a ce haƙuri da godiya, a ce Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, kwana uku ba a bar 'yan'uwana su kaɗai ba ko na awa guda. Ni kuwa ina zaune a ɗaki mai faɗin tabarma shida, ba motsin kowa.

Da na shiga ɗakin bincike da safe, na gaya wa ɗalibi ɗaya kawai. Babu wanda ya taso ya zo wurina, sai dai na lura muryoyi sun yi ƙasa, kuma aikin auna samfurin da ke kaina a ranar na tarar wani ya riga ya yi. Washegari malamina ya kira ni ofis. Na same shi a tsaye, ya sa baƙar kwat. Ya sunkuya mini sunkuyo mai zurfi irin wanda ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya miƙo mini farin ambulan da hannu biyu, an ɗaure shi da zare baƙi da fari. Jimla ɗaya ya faɗa, ta ta'aziyya, bai ƙara ba. An rubuta sunansa da na sauran ɗalibai da tawada mai disashewa, kuma kuɗin da ke ciki babu sabuwar takarda ko ɗaya. Daga baya aka yi mini bayani cewa disashewar tawadar tana nufin hawaye ya tsarma ta, sababbin kuɗi kuma ba a sa su a ta'aziyya don kada ya zama kamar an shirya ana jiran mutuwar. A masallaci ranar Juma'a 'yan Indunusiya suka nemi a yi masa sallar ga'ib, abin da mu Malikawa ba mu saba da shi ba, aka yi, bayan nan aka yi ta rungumata har rigata ta jiƙe, wani ɗan Fakistan kuma ya yi kwana uku yana aiko mini da abinci.

Tsohuwar nan ita ce ta riƙe lissafin makokin fiye da kowa. Ta gaya mini cewa wanda aka yi wa rasuwa ba ya aika katin sabuwar shekara, wanda a wurinsu babbar gaisuwa ce da gidan waya ke tarawa ya raba ranar 1 ga Janairu, kuma tun a watan Nuwamba ake sanar da mutane don su ma kada su aiko. Ta kuma nuna mini cewa kuɗin ta'aziyya ana mayar da kimanin rabinsa ta hanyar kyauta bayan kwana 49, sai na sayi ganyen shayi na raba wa malamina da ɗalibai, kusan lokacin da aka yi sadakar arba'in a gida. Ranar sabuwar shekara muka haɗu a matakala, gari ya cika da barka da shekara, ita kuwa ta sunkuya kawai ta wuce, ba ta yi mini barka ba. Bayan mako guda sai ga kati a akwatin wasiƙata, na gaisuwar sanyi, ta rubuta da hannunta cewa in kula da jikina. Idan aka tambaye ni wanne na fi so a ranar baƙin ciki, taron gida zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Amma taron gida yakan watse bayan sadakar bakwai, ita kuwa wata uku bayan rasuwar tana sane da cewa ni maraya ne.

Na dawo gida a 2018. Iyalina sun daɗe suna yi mini dariya saboda ina sunkuyar da kai ina magana a waya. Bayan wani lokaci aka turo wasu ƙwararru uku daga Japan su duba aikin ban ruwa a yankinmu, aka haɗa su da ni, kuma kafin a shiga gonakin mutane dole a je a gaida hakimi. Na yi musu bayani a mota, amma rabin bayanin bai zama dole ba. Tun kafin in yi magana sun cire takalma sun jera su a bakin zaure, suka zauna a ƙasa sun naɗe ƙafafu, ido a ƙasa, har wani bafade ya raɗa mini cewa waɗannan Turawan naka suna da tarbiyya. Abin da ya firgita su shi ne jinjina, da suka ga ƙarti sun dunƙule hannu sun ɗaga sama suna ɗaga murya, sai da na gaya musu cewa wannan ita ce gaisuwar girma. Sun kuma kasa gane dalilin da ya sa suna gaida hakimi amma wasu ne ke amsawa da "An gaishe ku." Babbansu ya rarrafa ya miƙa katinsa da hannu biyu, wani bafade ya tare ya karɓa ya jefa a aljihu, na ga fuskar mutumin ta canja, na yi saurin gaya masa cewa a fada ba a miƙa wa mai sarauta abu hannu da hannu. Mun isa tun tara saura, hakimi bai fito ba sai wajen sha ɗaya, wannan kuwa ban sami bayanin da zan yi musu ba.

Da za mu tashi, hakimi ya sa aka kawo musu riga da hula kowannensu, da rago guda. A hanya babban nasu ya matsa mini sai na gaya masa kuɗin ragon da na rigunan, domin ya san rabin da zai mayar. Na ce masa a wurinmu ba a tambayar kuɗin kyauta, kuma wanda ya yi saurin ramawa kamar ya ce ba ya son zumuncin ne. Tukwicin yaron da ya jawo ragon shi ne kawai a kansa, shi ma na riga na bayar. Bai gamsu ba. Direbobi da masu gadi suka ci rago, baƙi suka koma ƙasarsu, bayan wata biyu sai ga ƙunshi ya iso ofishinmu da sunan hakimi, an naɗe shi da takarda mai kyau, da wasiƙar godiya a kan karɓar da aka yi musu. Agogon bango ne. Na kai fada da kaina, hakimi ya yi murna, ya ce a rubuta musu cewa sun gaisu, ya sa aka rataye shi a zaure. Fitowarsa dai har yanzu sai hantsi ya ɗaga.